Red Barber da kujerun da ba kowa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, inda ake bugun ƙwallo da kulki. Red Barber, wanda aka haifa a Misisipi a 1908, yana cikin mutanen farko da suka kai labarin wasan nan gidajen jama'a ta rediyo. A 1939 kuma, shi ne ya yi bayanin wasan manyan ƙungiyoyi na farko da aka nuna a talabijin.

Mutumin kudu ne, ya tashi cikin wariyar launin fata. Da shugaban ƙungiyar Dodgers ya gaya masa za a ɗauki baƙin ɗan wasa, sai da ya yi niyyar barin aiki. Amma ya zauna. Da Jackie Robinson ya shiga fili a 1947, Barber ya riƙa ba da labarinsa kamar na kowane ɗan wasa, ba ragi, ba ƙari. Yabo ya cancance shi, ko da yake Robinson ne ya sha zagin ƴan kallo.

Ran 22 ga Satumba 1966, mutum 413 kawai suka zo kallon ƙungiyar Yankees. Barber ya roƙi a nuna kujerun da ba kowa, manya suka ƙi. Sai ya faɗa da bakinsa. Bayan ƴan kwanaki aka sallame shi. Manyan nan ba su kyauta ba, don wanda ke gida ba ya da ido a fili sai na mai ba shi labari. A shekarar nan Yankees ce ta zo ta ƙarshe a rukuninta.