Tsami Ba Tsarki Ba Ne

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata magana da ta zauna a bakunanmu a ƙasar Karaye da Rogo, wato wai duk abin da ya yi tsami ba ya ɗauke da cuta. Sai ka ga an dama fura da nono da ruwan da aka ɗebo daga rafi ko daga dam ɗin Challawa, idan ka yi magana a ce tsamin nono ya kashe komai, saura kuwa ciki zai ƙarasa. Ni dai ina ganin lokaci ya yi da za mu ajiye wannan magana.

Gaskiya ne Allah Ya sanya wa cikin ɗan Adam ruwa mai tsami wanda ya fi na nono nesa ba kusa ba, kuma yana halaka ƙwayoyin cuta masu yawa. To amma Wanda Ya halicci wannan katanga, Shi ne Ya ba wasu ƙwayoyin dabarar tsallake ta. Ɗauki bakteriyar da ake kira E. coli. Idan tsami ya fara ratsa jikinta, sai ta jawo wani sinadari mai suna gulutamet, ɗaya daga cikin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Tana sarrafa shi ya koma wani abu da ake kira GABA, kuma wannan aikin yana cinye ƙwayar haidirojin guda, wadda ita ce asalin tsamin. Sai ta fitar da GABA waje, ta shigo da sabon gulutamet, ta maimaita. Kamar mai kwale-kwale ne da ke kwashe ruwa da ƙwarya har ya kai gaɓa. Haka take yi da ajinin da laisin. Subhanallah! Abincin da muka ci ma yana iya zama mata garkuwa.

Wani nau'inta mai haɗari, O157:H7, yana zaune a hanjin shanu ba tare da ya cutar da su ba, kuma ta kashinsu yake shiga madara da ruwa. A Amurka, a 1996, ya kwantar da mutane ta hanyar ruwan tufa da ba a dafa ba, duk da tsaminsa. Yana jawo gudawa da jini, wani lokaci ya lalata ƙodar ƙananan yara.

Wani zai ce kakanninmu sun sha ba su mutu ba. Waɗanda suka rayu ne muka gani. Jariran da gudawa ta ɗauke ba su ba da labari ba. Wani kuma zai ce komai ƙaddara ne. Na'am, amma Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a.

Don haka a tafasa madara kafin a zuba mata tsami, a dama fura da ruwan da aka tafasa, a wanke hannu da sabulu, a wanke ƙwarya da ludayi. Ku matasa, ku kai wannan saƙo ga iyayenmu mata da masu tallan nono cikin ladabi, ba da raini ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.