TARIHIN HAUSAWAN IKKO YA FARA SHIGA NA'URA, SAURA TAKARDUN DA KE ƊAKUNANMU

Daga Wakilinmu na Arewa, Iddo

Duk lokacin da rigima ta tashi a kasuwa ko a unguwa a nan Ikko, maganar da aka saba jefa wa ɗan Arewa ita ce wai shi baƙo ne, jiya jiya ya sauko daga mota. Waɗanda suka ga rikicin Idi-Araba na 2002 da na Mile 12 na 2016 sun san zafin wannan magana. Mu kuwa amsar da muka saba bayarwa ita ce kakanninmu sun daɗe a nan. Gaskiya ne, amma fa a gaban hukuma ko a gaban alƙali ba a cin shari'a da "na ji daga bakin tsoho". Takarda ake nema.

To, wani abu ya faru game da takardun tarihi wanda ya kamata jama'armu su sani. A da, mai son ganin tsohuwar takardar gwamnati sai ya ɗauki jaka ya tafi ɗakin ajiyar tarihi na Ibadan, wanda Dokta Kenneth Dike ya kafa cikin 1954, ko na Kaduna, ko na Inugu. Yanzu kuwa ana ɗaukar hoton takardun shafi-shafi a zuba cikin kwamfuta, mutum yana zaune a rumfarsa a Agege ya buɗe wayarsa ya karanta.

Babban ɗakin karatu na Ingila da ke Landan ya soma wani shiri cikin 2004 na ceto takardun da ke neman lalacewa a ƙasashen duniya. Ƙa'idarsa ita ce asalin takarda ya zauna a ƙasarsa, hoto kaɗai ake ɗauka, kuma kowa ya duba kyauta. A ƙarƙashin wannan shiri ne Dokta Mohammed Bashir Salau ya ɗauki hoton ɗimbin takardun da ke ajiye a Kaduna. Jami'ar Boston ta Amurka ita ma ta tara rubuce-rubucen ajami na Hausa ta sa a intanet. A nan gida kuma wasu matasa a ƙarƙashin Fu'ad Lawal sun kafa Archivi.ng, suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya.

Me tarihin da aka rubuta ya ce game da mu? Sarkin Ikko Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin ga Turawa cikin 1861. Shekara biyu bayan haka, watau 1863, Kyaftin Glover ya tara Hausawa ya kafa rundunarsa, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu. Daga wannan 'yar runduna ce sojan Nijeriya ke lissafin asalinsu. Ashe ke nan tun kafin a haɗe Kudu da Arewa cikin 1914 da fiye da shekara hamsin akwai Hausawa a Ikko. Sa'an nan jirgin ƙasa ya zo: hanyar da ta tashi daga nan Iddo ta kai Ibadan a 1901, aka kuma haɗa ta da Kano a 1912. Shanu suka riƙa gangarowa Kudu, goro yana hawa Arewa, zangon Agege ya cika ya batse saboda gonakin goron da ke kewaye da tashar.

Amma a nan ne gizo yake saƙa. Abin da ke cikin ɗakunan ajiyar gwamnati, yawancinsa Bature ne ya rubuta, kuma abin da ya dame shi ya rubuta: haraji, da tsabtar gari, da wanda za a naɗa ya riƙe masa baƙi. Jaridun Ikko na wancan zamani kuma ba da harshenmu aka yi su ba, Gaskiya Ta Fi Kwabo ma sai a 1939 ta fito, a Zariya. Ko masanan da suka yi littattafai a kanmu, irin su Abner Cohen da ya zauna Sabon Ibadan da Dokta Mahdi Adamu, ba za su iya shiga kowane gida ba. Saboda haka in an buɗe na'ura za a ga Bahaushe soja da Bahaushe mai biyan haraji, amma da wuya a ga maigidan da ya sauke fatake shekara arba'in, ko malamin da ya kafa makarantar allo a zango.

Labarin waɗannan mutane yana cikin akwatunanmu. Akwai littafin bashi na dillalan shanu, da wasiƙun ajami tsakanin Agege da Kano, da rasidin fili, da takardar naɗin Sarkin Hausawa, da hotunan ranar Salla. Damina a Ikko ba ta da tausayi ga takarda, gara ma haka, gobarar kasuwa kuwa ba sai an faɗa ba. Sau da yawa tsoho na rasuwa sai magada su share ɗaki, su ƙone abin da ba su iya karantawa.

Shawararmu ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende da sauran unguwanni, da shugabannin kasuwanni da limamai, ita ce su naɗa samari masu ilmin boko da na Arabiyya su bi gida-gida da izinin masu gida. A ɗauki hoton kowace takarda, a rubuta sunan mai ita da shekararta, a mayar masa da abinsa nan take. A kai kwafi ɗaya Gidan Arewa da ke Kaduna, ɗaya kuma wata jami'a a nan Ikko. Kada kuma a yar da asalin takardar don an ɗauki hoto, gama cikin 2023 ɓarayin intanet sun durƙusar da na'urorin ɗakin karatun nan na Landan har tsawon watanni.

Aikin bai fi ƙarfin aljihunmu ba, wayar da ke hannun yaran kasuwa ta isa a fara da ita. Abin da ke ƙarewa shi ne tsofaffin da za su dubi hoto su ce wannan wane ne, ɗan wane. Allah Ya ba shugabanninmu ikon farawa tun suna raye.