Saniyar Zariya da ke cikin kwamfutocin duniya

Hanyar Kachia, wadda ta ratsa Sabon Tasha ta nausa kudu, tana kaiwa ga ƙasar kiwo mai yalwar ciyawa, inda ƙudan tsando ya daɗe da zama. Cizonsa ne ke sa wa shanu sammore, cutar da ke ramar da dabba, ta ƙafar da nono, ta zubar da ciki. Asarar takan fara a ruga, amma tana isa teburin mahauci a Kakuri da ƙwaryar mai tallar nono a Barnawa. Magungunan da makiyaya ke dogara da su, Berenil da Samorin, sun haura shekara 60 a kasuwa, kuma a ƙasashen Afirka da dama an tabbatar cewa ƙwayar cutar ta fara jure musu.

Gano yadda take jurewa aiki ne da kwamfuta ke da babban rabo a cikinsa. Bayanan gadon kowace halitta jeri ne na haruffa huɗu, A, C, G da T, miliyoyi bi da bi. Rumbun GenBank na Amurka yana tara irin waɗannan jeri tun 1982. A 1990 aka fito da manhajar BLAST, wadda ke karɓar jerin da mai bincike ya samo daga jinin saniya, ta gutsuttsura shi, ta nemo inda gutsattsarin suka dace da abin da ke rumbun, sannan ta lissafo waɗanda suka fi kama da shi. Cikin mintoci za a san nau'in ƙwayar, da wurin da haruffanta suka sauya.

Sai dai manhaja ba ta gano abin da ba a ajiye ba. A nau'in brucei, an san Berenil yana shiga jikin ƙwayar ta wata kafa da ake kira AT1. Idan kafar ta lalace, magani ya tsaya a waje. Amma nau'ukan da suka fi addabar shanu su ne congolense da vivax, kuma bincike ya nuna wannan bayani bai zauna a kan congolense ba. Ma'aunin da duniya ke gwada vivax da shi, mai lamba Y486, daga jinin wata saniya aka ɗauko shi a ƙasar Zariya a shekarun 1970, Cibiyar Sanger ta Ingila kuma ta karanta jerinsa. Abin alfahari ne, amma ƙwayar da aka kama shekara 50 da suka wuce ba za ta bayar da labarin waɗanda suka sha allura iri-iri a Ladduga ba.

Masu cewa wannan aikin ƙasashe masu kuɗi ne suna da hujja, domin injin karanta jeri da sinadaransa suna da tsada. Duk da haka, a Ede ta Jihar Osun aka fara karanta jerin ƙwayar korona a nahiyar Afirka, a watan Maris na 2020. Binciken rumbu kuwa kwamfuta da intanet kawai yake buƙata, sai wanda ya iya.

Zaman jiran wasu ma ba shi da tabbas. A 2024 tallafin gwamnatin Amurka ga VEuPathDB, uwar rumbun TriTrypDB da masu nazarin sammore ke amfani da shi, ya ƙare, har masu kula da shi suka koma neman kuɗi daga masu amfani.

Cibiyar binciken sammore ta ƙasa, wadda asalinta ya faro a 1947, tana Unguwar Rimi, a tsallaken kogi. Abin da ya kamata ita da sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello su sa a gaba shi ne tara jinin shanun kudancin Kaduna kowace damina, da karanta jerinsa, da ajiye kwafi a gida kafin a tura waje, da horar da ɗaliban da za su tona shi. Ta haka ne likitan dabbobi zai iya gaya wa makiyayi wace allura ce har yanzu take aiki, kafin ya sayar da maraƙi ya saye ta.