In mutum ya ɗauke maka wuta, kada ka zubar da ƙimarka



Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakaninmu mazauna Kudu, daga Agege da Mile 12 a Legas har Sabo ta Ibadan: mutum ya ɗauke maka wuta ba faɗa ba dalili. Ka kira bai ɗaga ba, ka tura saƙo a WhatsApp ka ga alamar ya karanta, amma shiru. Saurayi ya yi wa yarinya alkawarin aure, ya tafi gida Sallah, shi ke nan. Aboki ya ranci kuɗi, ko ya kwashi adashi, sai lambarsa ta daina shiga.

Abin ya fi ciwo a nan saboda a baƙon wuri muke. Abokinka shi ne danginka, shi zai kai ka asibiti in ka kwanta.

A ganinmu, matakin farko shi ne kyautata zato. Ana sace waya, ana rashin lafiya, wani kuma kunyar talauci ce ta sa shi ɓuya. Zumunci a ƙafa yake, don haka ka je wurin sana'arsa ko ka tambayi ɗan garinsu. In ka tabbatar lafiyarsa ƙalau, ka tura saƙo ɗaya mai mutunci, ka tsaya nan. Shiru ma magana ce. Kira ashirin a rana da canza layi don a yaudare shi ya ɗauka ba sa dawo da wanda ya yi niyyar tafiya, raini kawai suke ƙarawa.

In akwai haƙƙi a tsakani, wannan daban ne. Bashi ko maganar aure da iyaye suka shiga ba a barinsu haka. A kai wa dattawa ko fadar Sarkin Hausawa, kada a kai Facebook a yi tonon silili.

Sai mu koyi sa iyaka tun da wuri. Kada ka ba da rancen jarinka, ka ba da abin da in bai dawo ba ba zai durƙusar da kai ba, kuma a rubuta da shaida. 'Yan mata, wanda ya ƙi turo magabatansa bayan dogon zance ya riga ya ba ki amsa. Cewa "ba zan iya ba" ba rowa ba ce.

Masu ɗauke wutar kuma, ku ji tsoron Allah. Addininmu ya hana ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku. In ka fasa, faɗi ka fasa. Za a ji zafi na kwana biyu, amma ya fi barin mutum wata shida yana tuhumar kansa a kan laifin da bai yi ba.

Allah ya haɗa kanmu, ya raba mu da cin amana.

Sakataren ƙungiya