Raddi ga masu cewa fizge filasha ba ya ɓata komai

Kwance filasha ko memori daga kwamfuta aikin kanel ne, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Takan ƙarasa rubuta abin da ya saura, ta rufe ma'ajin, sannan ta sake shi. A Linux umarnin wannan aiki shi ne umount. Sai dai cikin masu turin fina-finai da waƙoƙi a Abule Egba, daga bakin kasuwar Katangowa har Agege, akwai masu ganin ɓata lokaci ne, a fizge kawai.

Hujjarsu ta farko, wai allo ya nuna turi ya kammala. To, abin da allo ya ƙirga shi ne abin da aka damƙa wa kanel, ba wanda ya sauka cikin filasha ba. Kanel kan tara bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kuma a Linux sukan yi kusan daƙiƙa 30 a can kafin a kwashe su. Shi ya sa mai saye kan isa gida ya ga sunan fim ɓaro-ɓaro, ya danna, babu komai ciki.

Sukan kuma ce sun shekara suna fizgewa lafiya lau. Rana dubu ta ɓarawo ke nan. Galibin filasha na kan tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da kundin da ake komawa a gyara aikin da ya yanke. In fizgewar ta faɗo daidai lokacin sabunta jadawalin fayiloli, ba fim ɗaya ke tafiya ba, jaka guda kan ɓace.

Hujja ta uku ce kaɗai mai ɗan nauyi: tun daga Windows 10 fitowar 1809, ta shekarar 2018, Microsoft ta daina jinkirta rubutu a kan filasha, sai in mutum ya sauya da kansa. Gaskiya ne, amma ba ya hana ɓarna in ana tsakar rubutu, kuma bai shafi Linux ba.

Saura masu cewa kanel ce ta ƙi sakin filashar, ta ce ana amfani da ita. Wannan ƙi gargaɗi ne: wata manhaja na riƙe da fayil a buɗe, kuma umarnin lsof ko fuser kan fallasa ta. Dabarar umount -l, wadda ta zo da Linux 2.4.11, ɓoye ma'ajin kawai take yi daga ido. Kwancewar gaskiya sai mai riƙon ya saki.