Takardar Iznin Baƙo Ba Tutar Haraji Ba Ce

Tun daga shekarar 1963, da aka yi Dokar Shige da Fice ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2015, ba kamfanin da ke da ikon ɗauko ma'aikaci daga wata ƙasa sai da iznin Gwamnati. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ita ke yanka wa kamfani yawan guraben da zai ba baƙi. Sa'an nan wajibi ne kamfanin ya aika wa Hukumar Shige da Fice rahoton baƙinsa kowane wata, ya kuma haɗa kowane baƙo da 'yan ƙasa biyu waɗanda za su koyi aikinsa, don in ya tashi su gaje shi.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Baƙo raɓa ne, yau ya sauka gobe ya bushe. Abin da ƙasa ke bukata gare shi shi ne ilmin da zai bari a hannun 'ya'yanta.

To, akwai mutane iri biyu da ke ɓata wannan dalili. Na farko su ne masu kamfani da ke cewa rahoton wata-wata wahala ce kawai. Ina wahala ga mutum ya rubuta sunan wanda yake biya albashi? Wanda ya iya ƙidaya ribarsa kowane wata ba zai kasa ƙidaya baƙinsa ba. Abin da suke gudu shi ne a gane cewa yaran da aka rubuta a takarda ba a koya musu komai ba, baƙo ya shekara goma a gurbi ɗaya, ba magaji.

Na biyu su ne masu mulki da ke ganin izni hanyar tara kuɗi ce. A Fabrairu 2024 Gwamnati ta ɗora haraji na dala 15,000 a shekara kan kowane darakta baƙo, da dala 10,000 kan sauran. Da 'yan kasuwa suka koka, aka dakatar da shi a Maris. Lalle kuwa, domin harajin nan ba ya koya wa kowa aiki. Kamfani mai ƙarfi zai biya ya ci gaba da halinsa, ƙaramin kuwa ya rufe.

Ga abin da ke biyo bayan sakaci da rajista. A 1969 Gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawa da Yarabawa masu yawa suka bar dukiyarsu. A 1983 Nijeriya ta yi irin haka, fiye da mutum miliyan ɗaya suka fice. A duka biyun, shekaru aka yi ba a tambayi mai ɗaukar aiki komai ba, ranar da tura ta kai bango kuma talakan lebura ne ya biya.

Saboda haka gyara ba wuya gare shi. Mai duba aiki ya tafi masana'anta da ƙafarsa, ya nemi magadan nan biyu, ya ga abin da hannunsu ya iya. In sun koya, a sabunta izni in da bukata. In ba su koya ba, a karɓe gurbin, tarar kuma ta hau kan mai kamfani, ba kan baƙon da aka gayyato ba.