Tauhidi Ba Na Fastoci Kaɗai Ba Ne



Duk mai bi da ke neman abincinsa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ya san tambayar nan: "Wai alloli uku kuke bauta wa?" Sau da yawa maƙwabci ne ke yin ta, kuma so yake ya sani. Amma sai mu yi shiru, ko mu fusata. Ɗan maƙwabcinmu tun yana Islamiyya ake jera masa abin da ya gaskata. Namu kuwa sun haddace waƙoƙi da labarin Dawuda da Goliyat, amma a ce su bayyana ko wane ne Yesu, sai kame-kame.

Maganin wannan shi ne tsararren tauhidi. Kada sunan ya tsorata mu. Ma'anarsa ita ce a ɗauki batu guda, a tattaro abin da dukan Littafi Mai Tsarki ya koyar a kansa, daga Farawa har Wahayin Yahaya, a jera shi daki-daki: Maganar Allah, Allah kansa, mutum da zunubi, Almasihu, ceto, Ruhu Mai Tsarki, ikilisiya, da al'amuran ƙarshe. Wanda aya ɗaya tak ya riƙe, shi ne mai wa'azin arziki zai ruɗa da aya ɗaya.

Wannan karatu gadonmu ne. Tartuliyan, mutumin Tunisiya ta yau, shi ya fara rubuta kalmar Triniti da Latinanci. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta tabbatar cewa Ɗan ainihinsa ɗaya ne da Uba, Atanasiyus na Masar kuwa ya sha kora saboda tsayawa kan haka. Mun sami Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, an buɗe kwalejin tauhidi ta Bukuru a 1959. To, wane uzuri ya rage mana?

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiya a Fagge da Sabon Gari su fara daga Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. A ɗauki magana ɗaya kowane mako, a makarantar Lahadi, da Zumuntar Mata, da taron matasa, a bincika ayoyinta, a bar mutane su yi tambaya. Manzo Bitrus ya umarce mu mu shirya amsa, mu kuma bayar da ita cikin tawali'u. Allah ya taimake mu, amin.